Gandun daji a takarda daban, a ƙasa daban

Ni dai maganar da wani marubuci ya yi a rubutunsa cewa ƙasashen mashigin tekun Gini sun killace dazuzzukansu yadda ya kamata ban gamsu da ita ba, sanya wa daji suna a takarda ai ba shi ne kare shi ba. Gandun dajin Kuros Riba tun 1991 aka kafa shi, ga Korup can ɓangaren Kamaru tun 1986, amma har yau goggon birin yankin nan bai fi kusan 300 ba a duk duniya, masu sare katako da mafarauta na shiga suna fita, masu gadin kuma ba kayan aiki ba albashin kirki. Gabon kam ta yi ƙoƙari, a 2002 shugaban ƙasar na lokacin, Omar Bongo, ya ware gandun daji 13 lokaci guda, har da Loango inda giwaye ke fitowa bakin teku. Abin da ya fi ci min rai, marubucin ko kalma ɗaya bai ce ba kan itatuwan fadamar bakin teku na Neja Delta, wurin da kifi ke hayayyafa, wanda malalar mai ta yi wa mummunar ɓarna, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan yankin Ogoni da ke can ma ya faɗi haka. Shi kuma malamin da ya yi sharhi a ƙarƙashin rubutun yana cewa wai wannan matsalar 'yan kudu ce, to busasshen kifin da katakon da muke saya a kasuwannin arewa daga ina wani ɓangarensu yake zuwa?