Ku Daina Yi Wa Tumatir Wanka Da Magariba

'Yan uwana matasa da kuka rungumi noman tumatir, Allah Ya sa albarka. Amma abin da na gani jiya ya ci min rai. Saurayi ne riƙe da tiyo ana gab da kiran magariba, ya ɗora babban yatsa a bakinsa, yana feshe shukar tun daga kai kamar mai wanke mota, ɗaya hannun kuma yana kan waya. Ganyen ƙasa duk sun yi ɗige-ɗige, wasu sun yi rawaya sun zube. Wai taki ne bai isa ba, gobe zai ƙara yuriya. Haba ɗan'uwa!

Ciwon nan ba yunwa ba ce. Tsinki ganye ɗaya daga ƙasa ka duba da kyau. Za ka ga tabo zagayayye, faɗinsa milimita 2 zuwa 3, tsakiyarsa ruwan toka, bakinsa baƙi-baƙi, a ciki kuma wasu ƙananan ɗigo baƙaƙe kamar an barbaɗa gawayi. Naman gwari ne, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, mai suna Septoriya, kuma waɗannan ɗigon su ne rumbun irinsa. Idan tabon babba ne mai zobe cikin zobe, to wannan Altanariya ce, ita ma hanyarsu ɗaya.

Irin nan ba ya da ƙafa, ruwa ne jakinsa. Ɗigon ruwa ya faɗi a kan ganye mai ciwo ko a kan ƙasa, ya fantsama, ya ɗauki irin ya kai ganyen sama. In ganyen ya daɗe a jiƙe, zafi kuma na tsakanin digiri 20 zuwa 25, ya shiga ke nan. Bayan kamar kwana 5 tabo ya fito, kafin mako biyu sabon tabon ya fara zubar da nasa irin. To kai da ka jiƙa ganye da magariba, rana ta faɗi, raɓa ta ɗora daga inda ka tsaya, shuka ta kwana sharkaf har gari ya waye, me ka bar wa ciwon ya nema? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kai kuwa da hannunka ka tsaga.

Ruwan sama ba mu da iko da shi. Na tiyo fa? Saiwa ce ke sha, ba ganye ba. A zuba a gindi da sassafe, a hankali. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa kaurin yatsu uku don kada ƙasa ta fantsamo. A bar tazarar santimita 60 tsakanin shuka, a ɗaure ta a sanda iska ta ratsa. Ganyen da ya kamu a cire shi bayan raɓa ta bushe, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na ganyen shukar, a fitar da shi daga gonar a ƙone ko a binne. Wasu a kwarin kunya suke yar da shi, su dawo da yamma su watsa masa ruwa. Ikon Allah! Shiga gona tana jiƙe ma laifi ɗaya ne, don hannu da riga da almakashi duk dako suke yi.

Sai ganye ya kaɗe, rana ta ƙone 'ya'yan sun yi farin tabo, sannan a ruga neman magani. Ihu bayan hari. Mankozeb da kulorotalonil da maganin jan ƙarfe kariya suke yi wa lafiyayyen ganye, ba sa goge tabon da ya riga ya fito. Ana fesawa duk kwana 7 zuwa 10, sama da ƙasan ganye, da ma'aunin da ke jikin takardar. Wa ke karanta takardar ma yanzu? A haɗa kala uku a famfo ɗaya da murfin kwalba, a fesa ba takunkumi, gobe a tsinka a kai wa bayin Allah su ci, alhali an rubuta kwanakin da za a jira. Wannan kuma ya wuce ganganci, haƙƙi ne.

Magabata ba su san sunan Septoriya ba, amma ba za ka ga dattijo ya maimaita tumatir a fili ɗaya ba, balle ya bi shi da yalo ko dankalin Turawa. Yakan ba filin hutun shekara biyu ko uku, ya kwashe karmamin bara, ya tuge zaƙami da gautan kaji, don a nan ciwon ke laɓewa. Yakan durƙusa ya ɗaga ganye ya leƙa ƙarƙashinsa. Yau kuwa daga bakin gona ake duba shuka a tsaye, a ɗauki hoto a saka a Facebook, tiyo na ta ambaliya a kan ganye.