Kafin ka zuba guminka a akwatin sushi

Ƙannena da kuka shigo Japan karatu, da ku na Dubai da Landan masu turo mana hotunan akwatunan abinci a status, ku ba ni aron kunnuwanku.

Kwanakin baya wani ƙaninmu a nan Tokiyo ya gama jarrabawa, ya ce in zo ɗakinsa zai yi wa kansa walima. Ashe odar sushi ya yi, wato dunƙulen shinkafa mai yankan kifi a kai, daga wani gidan abinci na masu hannu da shuni, yen 15,000 akwati ɗaya. Akwatin katako ne fari tas, an ɗaure shi da zare, har da 'yar takarda mai rubutun hannu. Mai kawowa ya shafe kusan minti 40 a kan keke. Da abinci ya iso ba ci muka yi ba. Sai da ya share tebur, ya gyara fitila, ya ɗauka ta sama, ya ɗauka ta gefe, ya goge, ya sake ɗauka. Magariba ta yi, ya tura akwatin cikin firji, muka yi salla.

Da muka buɗe, shinkafar ta yi tauri kamar tuwon jiya da ba a ɗumama ba. Baƙin ganyen tekun da aka naɗe wasu da shi ya yi laƙwas, sai ka ja shi da haƙori kamar roba. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ya ka ji?" Na ce, "Alhamdulillahi." Ban faɗa masa sauran ba sai bayan kwana biyu, kuma da yardarsa nake faɗa muku.

Gidan abincin bai cuce shi ba. Kifin mai kyau ne, wanda ya yanka shi kuma gwani ne. Abin da ƙanin nan bai gane ba shi ne, a sushi mai tsada ba kifi kaɗai ake biya ba, ana biyan 'yan daƙiƙun da ke tsakanin hannun gwani da bakin mai ci. Shinkafar da aka kwaɓa da khal ana ajiye ta ne da ɗumi irin na jikin mutum, a dunƙula ta sako-sako yadda tana shiga baki za ta watse. Sanyin firji busar da ita yake yi, ya ƙanƙame ta. Wasabi na gaske, wannan koren yajin mai hawa hanci, da an goga shi ƙarfinsa ke fara gudu, kafin minti 20 ya tafi. Ganyen teku kuwa da ya taɓa danshin shinkafa ya fara laushi. Ku duba onigiri, dunƙulen shinkafar da ake naɗewa da ganyen teku, na ƙananan shagunan unguwa da ake kira konbini, na yen ɗari da 'yan kai: har leda aka saka tsakanin ganyen da shinkafar don kada su haɗu sai lokacin ci. Mai abin yen 150 ya yi wannan tunanin, kai kuma ka bar na 15,000 ya yi awa biyu a rufe.

Shi ya sa manyan gidajen sushi kanta ce da 'yan kujeru. Sukiyabashi Jiro da ke unguwar Ginza, inda firaministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, ya kai Barack Obama a watan Afrilun 2014, kujera 10 ce kacal. Ana ajiye maka loma ɗaya ka ɗauka nan take, sannan a dunƙula ta gaba. Irin wannan cin shi suke kira omakase, wato na bar maka zaɓi. Gwanin yana kallonka, yana lura da saurin cinka. Wannan ba ya shiga akwati. Annobar korona ce a 2020 ta tilasta wa da yawa daga irin waɗannan gidaje fara tekawe don kada su rufe, wasu kuma da suka ga ciniki suka ci gaba.

Abin dariyar ma, wannan sushin na dunƙule asalinsa abincin bakin titi ne. A shekarun 1820 ya bazu a Edo, tsohon sunan Tokiyo, kuma Hanaya Yohei ake jingina wa ƙirƙirarsa. Leburori ne ke tsayawa a rumfa su jefa biyu ko uku su wuce, kamar yadda muke tsayawa wurin mai ƙosai. Tun farko abin a-ci-a-wuce ne.

Mu da muka tashi da tsire da kilishi bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Tsire a bakin tukuba ake cinsa, kitsen na tsartsatsi. Kilishi kuwa don tafiya aka yi shi. Japanawa ma suna da kilishinsu, kuma nan ne kuɗinka zai yi maka aiki. Akwai ekiben, guzurin jirgin ƙasa, wanda aka dafa shi da niyyar a ci shi da sanyi, an ƙara masa ɗanɗano saboda haka. A tashar jirgin Tokiyo shago ɗaya ma na sayar da fiye da kala 100, yawanci tsakanin yen 1,000 da 2,000. Akwai masuzushi na Toyama, kifi a danne bisa shinkafa, a naɗe da ganyen gora cikin zagayayyen akwati. Akwai kakinoha na Nara, da ake naɗewa da ganyen kaki, ɗan uwan kanyarmu ne, kuma shi in ya kwana ma ya fi daɗi. In kuwa sushin dunƙulen kake marmari kuma aljihu ba nauyi, ka sauka ƙasan manyan kantuna dab da tashi, lokacin da suke manna takardar rabin kuɗi.

Sai maganar da ta fi ɗanɗano muhimmanci. Girkin Japan cike yake da mirin da sake, dukansu giyar shinkafa ce, mirin na gaske ƙarfinsa ya kai kashi 14 cikin ɗari. Miyar da ake shafa wa sushi a manyan gidaje galibi da su ake haɗa ta, haka baƙar miyar da ake gasa unagi, wani kifi mai kama da maciji, da ita. A kanta kana iya cewa a bar maka naka ba shafi. Akwati kuwa a shafe yake zuwa, ba ka da wanda za ka tambaya. Hukuncin giyar da aka dafa a abinci ka kai wa malaminka, amma aƙalla ka san me ke cikin abin da ka saya.

Yanzu mu yi lissafi. Ɗalibi a ƙasar nan awa 28 doka ta ba shi ya yi aiki a mako. Mafi ƙarancin ladan awa a Tokiyo yen dubu ɗaya ne da 'yan ɗaruruwa. Akwatin ƙanin nan ya cinye masa awa 12 na tsayuwa a wurin wanke-wanke, kusan rabin makonsa. Na san wasunku za su ce gumina ne, in ci abin da raina ke so. Gaskiya ne, kuma ni ban ce kada a ji daɗi ba. Ayar ma cewa ta yi ku ci ku sha, sannan ta hana almubazzaranci. Ni ma na taɓa tara kuɗi na zauna a kanta sau ɗaya, da rana, lokacin da farashi ya fi sauƙi, kuma ban yi da-na-sani ba. Tambayar da nake so ka yi wa kanka kafin ka danna oda guda ce: da wayarka ba caji, za ka saya? In amsar a'a ce, to masu kallon status ka ciyar, su kuma kallon kitse suke wa rogo. Cikin masu kallon nan har da ƙanwarka da ta turo maka saƙon kuɗin makaranta ka ce ta yi haƙuri sai ƙarshen wata.

Shi dai ƙanin namu ya ce in ya karɓi albashin gobe zai raka ni tasha mu sayo masuzushi. Akwatin katakon yana nan bisa teburinsa, ya zuba cajar waya da makullai a ciki.