Tsohuwa ba ta tare gado ba, jira take a zo a ɗauke ta

Akwai wata magana da ake yawan yi a Ingila idan ana zancen cunkoson asibiti, wai tsofaffi sun "tare gado". Duk lokacin da na ji ta sai raina ya sosu. Ana nufin majinyacin da likita ya riga ya ce ya samu sauƙi, zai iya tafiya, amma ya ci gaba da kwanciya kwana da kwanaki saboda ba a samu mai kula da shi a gida ba. A 'yan shekarun nan, kusan kowace rana akan samu wajen mutum 12,000 a wannan hali a asibitocin ƙasar. To don Allah, da me suka tare gadon?

Ka ɗauki tsohuwa 'yar shekara 80 da ta faɗi ta karye a ƙugu. An yi mata aiki, ɗinki ya kama. Jakarta a haɗe take a gefen gado tun ranar Litinin, har takalmi ta jera a ƙasa. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba: wadda za ta riƙa zuwa safe da yamma ta tayar da ita, ta taimaka mata da wanka da shan magani, sai ƙarfen dafawa a banɗaki. Kullum ta ga nas sai ta ce, "'Yata, yau ne?" Kullum amsa ɗaya: "Mama, ana nan ana shiri."

Wasu gani suke ai gara ta zauna, ga likita ga abinci. Ba su san gado yana cin tsoho ba. A 2007 an yi wani bincike a Amurka, aka kwantar da tsofaffi masu lafiya ƙalau kwana 10, suka rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafa. Masu lafiya fa ke nan! Ina ga wadda ta fito daga tiyata? Ga gyambon kwanciya, ga ƙwayoyin cutar da ake kwasa a ɗakin majinyata, ga ruɗewa, har mutum ya kasa bambanta dare da rana. Wadda a makon farko take takawa da sanda, a mako na uku sai an tura ta a keke. Kulawar da take bukata ta ninka, samun mai yi ya ƙara wuya, sallama ta ƙara nisa. Can ƙasa kuma, a sashen gaggawa, wani yana kwance a baranda yana jiran wannan gadon.

Ni a ganina tushen abin aljihu biyu ne. Tun 1948 jinya a asibitin gwamnati kyauta ce a Ingila. Amma kulawa a gida tana hannun ƙananan hukumomi, kuma sai an auna abin hannunka. In ajiyarka ta haura fam 23,250, kai za ka biya. Asibiti ya ce mun gama namu, ƙaramar hukuma ta ce ba mu gama tantancewa ba, tsohuwa tana tsakiya.

Ƙasashe sun gwada dabaru. Suwidin a 1992 ta ɗora wa ƙananan hukumomi kuɗin kwanakin da majinyaci ya ƙara bayan an ce ya isa sallama, Ingila ta yi doka makamanciyarta a 2003. Jamus a 1995 da Japan a 2000 suka kafa inshora ta musamman don kula da tsofaffi. Wannan dabara ta inshora ta fi kwanta mini, domin tara ba ta haifar da ma'aikaci. Mai aikin kula da tsofaffi gida-gida albashinta yana dab da mafi ƙaranci, tana gudu daga wannan ƙofa zuwa waccan, wani lokaci minti 15 kacal aka ware mata. Ranar da babban kanti ya yi mata tayin aiki da albashin da ya ɗan fi wancan, tafiya za ta yi, kuma ban ga laifinta ba.

Masu cewa ina 'ya'yan tsohuwar kuma, ku yi a hankali. Sau da yawa ɗiyar da ake nema ita ma ta haura 55, tana aiki, bayanta yana ciwo. Ɗaga babban mutum daga gado sau huɗu a rana ba ƙauna kaɗai yake bukata ba, sai da koyo da kayan aiki.

In naka yana kwance yanzu, kada ka bari sai ranar sallama. Tun ranar da aka kwantar da shi ka tambaya: wa zai duba gidan, wa zai riƙa zuwa, yaushe? Kuma ka roƙi a riƙa sauko da shi kan kujera lokacin cin abinci, a sa masa kayansa na gida, ya taka ko da zuwa bakin ƙofa ne ya dawo.