Idan rufin aji ya yoye, wa za a tunkara?

Abin da ya fi burge ni a firamaren Jamus ba kyan gini ba ne, sanin mai alhaki ne. Gini, kujeru, banɗaki da shara duk suna wuyan hukumar gari. Malami kuwa ma'aikacin jiha ne: ita ke ɗaukarsa, ita ke biyansa, ita ke tsara manhaja. Gwamnatin tarayya kusan 'yar kallo ce, jihohi 16 kowace da tsarinta.

Kuma ba sai ka nemi makaranta ba, ita ke nemanka. Kafin ɗiyata ta cika shekara 6 wasiƙa ta iso gida, da sunan makarantar unguwarmu da ranar rajista. Aka kira mu wajen likitan hukuma, ya gwada idonta da kunnenta, ya ba ta fensir ta yi zane. Yaro ya yi fashi ba dalili, za a bugo waya. Abin ya yi yawa, tara ce.

A gida Najeriya fa? Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole. Ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, amma UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, ba ta sakin tallafin sai jiha ta ajiye nata kason, shi ya sa kuɗi ke kwance a Abuja yara na zaune a ƙasa. SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, na ba da kwangila, albashi na fitowa daga kuɗin ƙaramar hukuma, hedimasta na tsakiya ba ko sisi a hannunsa. Tambayi kowa, sai ya nuna na sama da shi. A 2025 malaman firamaren Abuja sun shafe sama da wata 3 suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi, ana ta jifan juna da laifi. Jifa ta faɗa kan 'ya'yan talakawa.

Akwai abin da ba na fata mu kwaikwaya. A yawancin jihohin Jamus firamare aji 4 ce kawai, Berlin da Brandenburg ne ke yin 6. Yaro na shekara 10 ake raba hanya, wannan Gymnasium mai kaiwa jami'a, wancan makarantar da ta fi karkata ga sana'a. Ɗan baƙo da bai gama kama Jamusanci ba shi ke kwana ciki, ko da kuwa yana da ƙwaƙwalwa. Shekara 6 ɗinmu ta fi adalci, yaron da bai waye da wuri ba yana samun lokacin kamo 'yan ajinsu.