Ranar da Na Taya Kocin da Aka Doke Murna

Ni dai tun ina yaro na ƙudurta a raina cewa ɗan jaridar wasanni zan zama, kuma dalilina ba wani mai zurfi ba ne. Na lura akwai mutanen da ke shiga filin wasa ba su sayi tikiti ba, a ba su wurin zama a inuwa, su kalli ƙwallo, wata ya ƙare kuma a biya su. Na ce wannan ai ba aiki ba ne, gata ne. Ƙafata ba ta san ƙwallo ba, ko da muna yara gola ake sa ni, shi ma don babu mai so. Amma baki, alhamdu lillahi. In dai musun ƙwallo ne a gaban talabijin, sai dai a gaji a bar ni.

Da wannan ƙarfin gwiwar na je neman aiki wurin editan wata kafar labaran wasanni ta intanet. Bai gama tambayata abin da na sani ba na fara zuba kamar an kunna rediyo. Na kawo masa wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai na 1999 a Camp Nou da ke Basalona: yadda Mario Basler ya ci wa Bayern Munich da bugun tazara tun a minti na 6, yadda Manchester United ta yi ta fama har minti 90 ya cika, sannan Teddy Sheringham ya farke, Ole Gunnar Solskjaer ya ƙara, dukansu daga bugun kusurwar David Beckham, dukansu kuma daga benci suka shigo. Na gama ina jiran tafi.

Ya ce, "Madalla. To ka taɓa tunanin halin da 'yan jaridar da ke filin suka shiga a daren? Duk wanda ya riga ya rubuta cewa Bayern ta ɗauki kofi sai da ya goge. Saboda haka doka ɗaya zan ba ka. Kada ka aiko mini da labari sai ka ji usur na ƙarshe da kunnenka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ko yaro ya sani."

Ya tura ni gwaji wani wasa na ƙaramin rukuni. Kalmomi 400, su iso cikin minti goma da tashi, a biyo da ta bakin koci.

Sa'a uku kafin take wasa na isa, da kwat, da kwamfutar aro, da littafin rubutu sabo dal, da biro huɗu. Mai gadin ƙofa ya duba takardar sunayen 'yan jarida daga sama har ƙasa, ya juya bayanta, bai ga nawa ba. Sai da na kira edita ya yi masa magana, sannan ya bar ni na wuce yana bin kwat ɗin da kallo. Wurin 'yan jaridar da na daɗe ina mafarki kuwa dogon benci ne da teburi mai rawa, sai soket guda ɗaya da mutum biyar ke layi a kansa. A gefena wani dattijo ne da ya tsufa a aikin, ba shi da komai sai ƙaramin littafi da fensir. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba.

Wajen awa ɗaya kafin wasa aka kawo takardar sunayen 'yan wasa. Da hannu aka rubuta ta, aka yi hotonta a injin da tawadarsa ke gargara. 'Yan wasan suka fito, babu suna ko ɗaya a bayan riga, lamba kawai. Baƙi da farar riga, masu gida da ja. Ni da na saba talabijin ta rubuta mini sunan kowa a ƙasa, sai ga ni ina ɗaga takarda a rana ina ƙoƙarin gane ko 3 ce ko 8.

A minti na 23 na sunkuya ina gyara wata jimla da na yi a kan iskar da ke kaɗawa a filin, jimlar da nake jin ko a littafi aka sa ta ba za ta ji kunya ba. Ina cikin haka na ji fili ya yi tsit, sai 'yan tsirarun baƙi can nesa suna tsalle. An ci. Wallahi abin da na fara yi shi ne ɗaga kai ina jiran a maimaita. Na yi ta dube-dube, babu allo, babu maimaici, ƙwallo ta shiga ta shige ke nan har abada.

"Baba, don Allah wa ya ci?"

"Lamba 9. Da ka, daga hagu aka bugo masa."

"Wa ya bugo?"

Ya kalle ni sheƙeƙe. "Yaro, kallo ka zo ko tambaya?"

Na yi shiru, na ce bari in wanke kaina a idonsa. Jim kaɗan wani ɗan bayan masu gida ya yi doguwar jifa, ta faɗa wa ɗan gabansu da ke tsaye shi kaɗai a bayan kowa. Na miƙe tsaye na kwarara ihu, "Satar gida! Ina mai tuta?" Duk bencin ya juyo. Dattijo ya jawo gefen kwat ɗina ya zaunar da ni, ya ce a hankali, kamar mai yi wa jikansa faɗa a gaban baƙi: na ɗaya, a nan ba a ihu, mai son ihu ya sayi tikiti ya koma can, na biyu, babu satar gida a jifa, babu a bugun kusurwa, babu a bugun gola, yana nan a doka ta 11. Shekara goma ina hana mutane sakat da musu, ashe ban taɓa buɗe littafin dokokin nan guda 17 ba. Na rubuta "doka ta 11" a littafina na ja layi biyu a ƙasa, don dai hannuna ya sami abin yi.

Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci na gane sirrin aikin. Kowa a bencin yana rubuta cikin labarinsa ana tsaka da wasa, ya bar kan labarin da sakin layi na farko sai an tashi. Ni kuwa na ga wannan ɓata lokaci ne. Masu gida sun buga sun buga, turke ya mayar da ɗaya, gola ya kaɗe biyu, magoya bayansu sun koma zagin alƙalin wasa. Wasa ya mutu, ko makaho ya san haka. Kafin minti na 85 na gama komai: "Baƙi sun bi masu gida har gida sun doke su da ci ɗaya mai ban haushi." Na karanta sau uku, ni da kaina na ji daɗi.

Sai dabara ta zo mini. Idan na jira aka tashi, waɗannan tsofaffin hannun za su rigaye ni wurin koci. Minti na 88 na naɗe kwamfuta na sulale, na bi matakala na sauka ƙarƙashin rumfar 'yan kallo, inda 'yan wasa ke bi su shiga ɗakin canza kaya. Dattijo ya bi ni da ido bai ce komai ba. Har yau wannan shirun nasa nake jin haushi.

Lungun nan duk siminti ne, ba ka ganin fili, sai dai ka ji shi a kanka. Ina tsaye sai ihu ya tashi, rumfa ta girgiza. Na ce lallai alƙali ya hana su fenareti, dama tun ɗazu suke neman rigima da shi. Can bayan 'yan mintoci wani ihun ya sake tashi, wanda ya ninka na farko, har ƙura na zubo mini a kafaɗa. Na ce shi ke nan, an tashi, jama'a sun fusata. Na buɗe kwamfuta a kan gwiwata, na ƙara jimla ɗaya don labari ya yi armashi, cewa magoya bayan masu gida sun bar fili cikin fushi da hayaniya, na danna aikawa. Usur kam ban ji ba, amma na ce cikin wannan hargowar wa zai ji usur?

Wanda ya fara shigowa kocin baƙi ne, fuska a murtuke kamar hadari. Na ɗauka irin manyan nan ne da ba sa nuna murna. Na tare shi na miƙa waya daf da bakinsa.

"Koci, barka da nasara! Mene ne sirrin wannan katangar da 'yan bayanka suka gina yau?"

Ya tsaya cak. Ya dube ni, ya dubi wayar, ya dubi kwat.

Na ga kamar bai ji ba, na ƙara da cewa, "Maki uku a waje ba wasa ba ne. Yaya kake ji?"

Mataimakinsa ya riƙe masa hannu. Kocin ya matso har ina jin numfashinsa ya ce, "Kai wane wasa ka kalla?" Ya buga ƙofa ya shige.

Kafin in gama tunanin abin da yake nufi sai ga masu jar riga sun kwararo suna rawa, sun ɗauko wani yaro a kafaɗa. A bayansu dattijo ne, yana tafe a natse da fensirinsa a kunne. Ya ce, "Biyu da ɗaya. Minti na 90 da na 94. Minti huɗu aka ɗaga a allon ƙarin lokaci, amma abin da ake ɗagawa mafi ƙaranci ne, alƙali na iya ƙarawa." Ya ɗan yi gaba, ya waiwayo. "Ba ka dai aika ba ko?"

Gabana ya yanke ya faɗi. Na buɗe kwamfuta, ta yi ƙyaf ta mutu, don ban taɓa samun layin soket ɗin nan ba. Labarin ya yi minti goma sha ɗaya a shafi kafin a cire shi, kuma a cikin minti goma sha ɗayan nan babu mai goyon bayan masu gida da bai ɗauki hotonsa ba.

Waya ta yi ƙara. Edita ne, muryarsa a sanyaye, abin da ya fi tsoratar da ni.

"Wa ya ci wa Bayern a 1999?"

"Basler, ranka ya daɗe."

"Wa ya farke?"

"Sheringham."

"Wa ya ci ta biyu?"

"Solskjaer."

"To yau fa, wa ya ci ta biyu?"

Na juya ina neman dattijo, ya riga ya tafi.

Bai kore ni ba. Wata guda na yi ina shigar da sakamakon wasanni da teburin gasa, shi ma sai wani ya duba bayana. Da ya sake tura ni fili, sai ya zaɓi wasan ƙungiyar kocin nan, da gangan ko ba da gangan ba, Allah masani. Ina shiga, ana motsa jiki ba a ko take wasa ba, kocin ya hango ni daga tsakiyar fili, ya yafito ni da hannu, ya ce wa mataimakinsa, "Ga mutumina ya zo." Sannan ya dube ni ya ce, "Malam ɗan jarida, gaya mini tun yanzu in huta, nawa muka ci?"