Jirgin Zariya Zuwa Jos a Ɗakin Baƙi

Ƙanena da ke aiki a Jamus ne ya tambaye ni tsarabar da nake so, na ce agogo. Abin da ya iso sai kwali. A ciki akwai kan jirgin ƙasa ɗan mitsitsi wanda bai wuce tsawon yatsana ba, da taragu uku, da sandunan dogo, da na'urar ba shi wuta. Ya haɗo da takarda cewa agogo kowa na da shi a waya, wannan kuwa zai rage mini hawan jini. Har gobe ina riƙe da shi a kan wannan magana.

A jikin kwalin an rubuta H0e, wato komai an rage girmansa sau 87, dogon kuma faɗinsa milimita 9 ne kacal. Da na buga lissafi sai na ga 783, gabana ya faɗi don murna. Ai wannan dab yake da milimita 762, ƙafa biyu da rabi, faɗin siririn layin da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru tsakanin 1912 da 1914 don kwaso kuza. Babban layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuma 1,435. Namu shi ne ɗan autan dogo, kuma tun 1957 aka rufe shi. Ni Bazazzagi ne gaba da baya. Na ce tunda gwamnati ta kasa dawo da shi, ni zan dawo da shi, a ɗakin baƙi.

Uwargida ta ce, "Na ɗan lokaci ne dai ko, Baban yara?"

Na ce na ɗan lokaci ne.

Na kira kafintan unguwarmu na ce ina son tebur mai tsawon mita biyu, Zariya a wannan ƙarshen, Jos a wancan, kuma ya tuna Jos a kan tudu take, ta fi Zariya bisa da fiye da mita 500. Ya ce ya gane, ai ya taɓa zuwa kasuwar Terminus ta Jos sayen dankali. Da ya kawo aiki sai na tarar ya ɗaga Jos da taƙi guda cur. Na shimfiɗa dogo, na zira bayan biro a soket don filogin Jamusawa ya shiga, na murɗa wuta. Jirgi ya bar Zariya da ƙarfinsa, ya kai tashar Soba, ya tsaya yana ta juya ƙafafu a wuri ɗaya, sannan a hankali taragun suka jawo shi da baya har gida. Yara suka yi tafi, sun zaci haka aka tsara.

Irin wannan ƙaramin jirgi, idan hawa ya wuce santimita biyu zuwa uku a kowace mita, ƙafafunsa santsi suke yi. Kafinta ya ba ni goma. Da na yi masa bayani sai ya ce, "Alhaji, tudu ka ce. Da ɗan tudu ka ce, da ɗan tudu na yi." Muka sa zarto muka rage wa Jos ƙafafu, ya kuma caje ni kuɗin ragewar.

Duwatsun na yi su da tsofaffin jaridu da kokon garin rogo, suka yi kyau ƙwarai, har sai da ɓera ya cinye rabin dutsen Kudaru a dare ɗaya, kyankyasai suka tare a cikin sauran. Na sake su da farin simintin da ake yin silin. A bar wannan maganar.

Tsakuwar da ake zubawa a ƙarƙashin dogo ita ce ta kusa kai ni asibiti. Na ce ba zan sa ƙasar wani gari ba, na je bakin rafin Kubanni da ke Zariya na ɗebo yashi, na tankaɗe shi da rariyar uwargida lokacin da ta tafi unguwa, na barbaɗa, na ɗiga gam da ruwa. Idan ka duba sai ka rantse dogon gaske ne. Ba a jima ba jirgi ya fara gurnani, ya koma tafiya da ƙyar, daga baya ya yi shiru yana zafi. Na naɗe shi a hankici na kai wa mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Ya juya shi, ya kalle ni, ya ce, "Na jikanka ne?" Na ce nawa ne. Bai sake cewa komai ba sai da ya kwance murfin.

"Oga, injin nan ai gemu ya yi."

Baƙin gari ne ya lulluɓe shi. Ashe a cikin yashin rafi akwai ɓurɓushin ƙarfe, injin kuma da maganaɗisu yake aiki, duk inda ya wuce sai ya tsince abin da gam bai kama ba. Ya share shi da tsohon buroshin haƙori, ya ba ni maganaɗisun wata matacciyar sifika ya ce in bi layin da shi tun daga Zariya har Jos. Abin da na kwaso ya cika murfin kwalba. Ranar ce kuma uwargida ta gano abin da ya sami rariyarta, domin an ci tuwo ana jin ƙasa-ƙasa.

Sai yara suka kawo ƙara, wai jirgi idan ya je Jos da baya yake dawowa, abin kunya ne. Na ga suna da gaskiya. Na lanƙwasa dogon a ƙarshen Jos ya zagaya ya dawo ya haɗe da kansa, don jirgi ya juyo da fuskarsa. Ina kunna wuta na'urar ta yi ƙara ta ɗauke. Na kunna, ta ɗauke. Na zargi filogi, na zargi ƙanena, na zargi Jamusawa gaba ɗayansu.

Wannan karon mai rediyo da kansa ya zo gida, ya ce yana son ya ga abin da idonsa. Ya ɗora mita, ya bi dogon da yatsa, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Wutar jirgin, wadda ba ta wuce bolt 12 ba, ta cikin ƙarafan dogon biyu take bi, ɗaya ya kai, ɗaya ya dawo. Idan layi ya zagaya ya haɗe da kansa, ƙarfen dama sai ya zo ya auri na hagu, wuta ta haɗu. Ya yanke ƙarafan a bakin zagayen, ya cusa guntayen tsohon katin banki a tsakani, ya ɗaura maɓallin da ke juya wutar babban layi. Sharaɗin shi ne, da zarar jirgi ya shige zagayen sai in danna kafin ya fito. Idan aka yi sallama a ƙofa ko waya ta yi ƙara, shi ke nan, Jos ta ɗauke wuta. Na naɗa autana shugaban tashar Jos, albashinsa biskit.

Da bazara ta kama, ɗakin kuma rufin kwano ne, ƙarafan suka miƙe da zafi suka ture juna, dogo ya karkace a tashar Rahama, taragu suka riƙa kwanciya a nan kullum bayan azahar. Sai da na bar 'yar tazara a kowace mahaɗa, yadda 'yan reluwe na gaske suke yi.

Zuwa hunturu komai ya daidaita, sai labari ya kai kunnen Kawu. Kawu ya haura tamanin, kuma yana yaro ya shiga wannan jirgi tare da mahaifinsa, abin da ba ya bari a manta a duk taron suna. Ya zo da sandarsa, aka sa masa kujera a gaban tashar Dutsen Wai. Na murɗa wuta, jirgi ya tashi tsaf, ya ratsa Jengre, ya zagaya Jos, auta ya danna a kan kari, ya dawo Zariya ko tari bai yi ba. Na tsaya ina jiran sa albarka.

"Wannan ba shi ba ne," in ji Kawu.

"Kawu, faɗin dogon ma daidai yake da..."

"Yaro, wa ya koro shi? Wannan gudun fa?"

Na auna. Yana cin santimita 30 a daƙiƙa, idan aka ninka sau 87 ya haura kilomita 90 a awa. Don ya yi tafiyar kilomita 25, sai ya riƙa jan santimita 8. Na rage wuta. To a nan ne wahalar take. Ƙaramin kan jirgi ba shi da nauyi, kuma ta ƙafafunsa huɗu yake shan wuta. Idan yana gudu, ko ya taka ƙura ƙarfin tafiyar zai wuce da shi. Idan yana rarrafe, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta raba shi da wuta, balle wurin sauya layi inda akwai ɗan tsinin roba a tsakiya. Ga shi hazo ya sauko, abin da ka goge da safe kafin la'asar ya yi fari. Tun da asuba na bi dogon da tsumma da sifirit, domin sanfefa karce ƙarfen take yi datti ya ƙara samun wurin zama, amma duk da haka yana zuwa gaban Kawu ya ƙame.

Na miƙa yatsa zan tura shi, Kawu ya buge mini hannu da sanda.

"Ina ne nan?"

"Dutsen Wai, Kawu."

"To bar shi, ruwa yake sha."

Muka zauna. Ya ba yara labarin gawayin kwal da hayaƙi da yadda ƙura ke shiga ido ta taga. Can ya ce ya ƙoshi, a tafi. Na ɗan bugi teburin da gwiwa a ɓoye, jirgi ya motsa. Ya sake macewa kafin Rahama, Kawu ya gyaɗa kai ya ce ai dama nan ma ana tsayawa. Ranar jirgina ya sha ruwa a wuraren da ko rijiya babu, fuskar Kawu kuwa sai annuri. Ya ce abu ɗaya ya rage, babu hayaƙi.

Shugaban tashar Jos ya ji wannan. Washegari na tarar da guntun turaren tsinke a bututun hayaƙin, bututun kuma, da yake roba ne, ya narke ya sunkuya gefe guda. Na dakatar da shi daga aiki, uwarsa ta ɗaukaka ƙara, aka mayar da shi da cikakken biskit.

Kawu ya mai da gidana wurin zuwa duk Juma'a bayan masallaci, har da gayyato abokansa biyu, ana yi musu shayi, suna gardama a kan ko Soba ce ke gaba ko Dutsen Wai alhali ga su a rubuce a gabansu. Ana cikin haka aka sa ranar bikin ƙanwar uwargida, 'yan biki daga Funtuwa kuma a gidanmu za su sauka.

"Baban yara, ɗan lokacin nan ya cika."

Na kai ƙara wurin Kawu, ina sa ran zai tsaya mini. Ya ce wancan ma da ya yi shekara arba'in da wani abu yana aiki an ɗaga shi, balle nawa da ko yaye bai isa ba. Ya tambaya ko za a ci gaba da shayin.

Teburin bai fita ta ƙofa a kwance ba, dole aka kira kafinta. Muka ciccibe shi zuwa zaure, muka jingina shi da bango a tsaye, Zariya a ƙasa, Jos tana taɓa silin, yashin Kubanni na zubo mana a ka. Kafinta ya ja da baya ya kare masa kallo, ya karkaɗe hularsa.

"Alhaji, ga tudun da ka ce. Kuɗin ɗauka dubu biyu ne."