Taragon Sarauniya a York da Tambayar da Na Kasa Amsawa

Ranar Asabar na kai yara gidan tarihin jiragen ƙasa da ke York, a arewacin Ingila. Shiga kyauta ce. A can muka ga taragon Sarauniya Victoria da aka ƙera a 1869. Asalinsa taragu biyu ne, a 1895 aka haɗe su. Ba a shiga, ta taga ake leƙawa. Bango da kujeru an lulluɓe su da shuɗin alharini, katakon yana ƙyalli, ko ƙura babu, kai ka ce jiya matar ta sauka. Akwai ma wanda ya girme shi, na Sarauniya Adelaide, tun 1842, ƙirarsa kamar an ɗora keken doki a kan dogo.

Wani dattijo mai aikin sa kai ya tambaye ni garinmu. Na ce Bauchi. Ashe ya san sunan, saboda siririn layin nan na Zariya zuwa Jos, Bauchi Light Railway, da aka rufe a 1957, wanda ko ƙofar Bauchin bai taɓa takawa ba. Sai ya ce, "Taragun da suka fara isa garinku fa, ina kuka adana su?"

Wallahi na rasa ta cewa.

Jirgi ya iso Bauchi daga Kuru a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964, duk a zamanin da ɗan garinmu, Abubakar Tafawa Balewa, yake Firayim Minista. Amma zuwana gida na ƙarshe, taragun da na gani a gefen tasha tsatsa ta cinye su, ciyawa ta fito ta tagogi, 'yan gwangwan suna kai kawo.

Na san za a ce su masu kuɗi ne, mu kuwa ta tuwo muke yi. Gaskiya ne, kuma kuzarmu da gyaɗarmu na cikin arzikin nan nasu. To amma mu ba baƙin adana ba ne. Kabarin Tafawa Balewa na nan ana kai masa ziyara, alkyabbar kakanni kuma a akwati take, da kafur. Tarago ɗaya tal, a yi masa rumfar kwano, a goge tsatsa, a shafa fenti, nawa zai ci?

Marigayi mahaifina a irin taragon nan ya fara fita Bauchi. Yakan ba mu labarin bencin katako, da yadda Inna ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli a ƙyalle, da tsayawar Kafanchan da ba ta ƙarewa. A hanyarmu ta dawowa 'yata ta ce, "Baba, in mun je gida ka nuna min wanda Kaka ya hau." Daren nan na kira yayana, na roƙe shi ya leƙa tasha ya ɗauko min hoton duk abin da ya saura.